Abu da Asirin “An”: Nazari a Kan Girman Yarinya Cikin Littafin Wa Zai Auri Jahila?

Gabatarwa

Akwai iri biyu na ƙagaggen labari waɗanda yara masu tasowa su ke so ƙwarai a ko'ina cikin duniya. Na fari shi ne labarin bin sawu, watau inda a ke yin wata ɓarna a ɓoye, sa'an nan wani ya tashi yana tambaya, yana ƙulla wannan da wancan, har ya tono wanda ya yi ta. Na biyu kuwa shi ne labarin tashi, inda mu ke bin yaro ko yarinya tun ba su san fari da baƙi ba, har ranar da suka mallaki hankalin kansu. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa iri biyun nan sun gamu cikin littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu mai suna Wa Zai Auri Jahila?, wanda aka buga a Kano cikin 1990.

Galibi a kan lissafa littafin nan cikin na soyayya, ko kuwa a ce wa'azi ne a kan auren dole. Duka biyu da gaskiyarsu, amma ba su ƙure zancen ba. Mu a nan za mu bi ta hanyar harshe, mu duba yadda Hausa ta ke faɗin abin da a ke yi wa yarinya, mu ga abin da marubuciyar ta yi da wannan faɗi. Daga nan za mu auna girman Abu, tauraruwar labarin, mu faɗi inda ya gamsar da inda ya gaza.

Yarinya mai bincike, a can da nan

A Amurka, cikin 1930, aka fara buga labarun wata yarinya mai suna Nancy Drew, 'yar shekara 16, wadda aikinta shi ne tono asirin ɓarayi da mazambata. Marubuta da yawa ne suka yi ta karɓa-karɓa wajen rubuta su, duk da suna guda na aro. Ubanta lauya ne, tana da motar kanta, ta kan tafi inda ta ga dama, ta tambayi wanda ta ga dama. Amma ga abin lura: littafi ya bi littafi, shekaru suna wucewa, Nancy tana nan yadda ta ke. Iyakar abin da aka yi mata shi ne, daga baya aka ƙara shekarunta suka zama 18. Ta kan warware matsalar waɗansu, amma ita kanta babu abin da ya ke sāke ta, domin tun farko ba ta rasa kome ba.

To, mu komo gida. Mai bin sawu yana bukatar abu biyu, ƙafa da baki, watau ikon fita da ikon tambaya. Su ne kuwa abu biyun da tarbiyyarmu ta fi taƙaita wa yarinya da zarar ta fara zama budurwa. In ta cika fita a ce ba ta da kamun kai, in ta cika tambayar manya a ce ba ta da kunya. Don haka ba abin mamaki ba ne da ba mu sami irin Nancy cikin littattafanmu na farko ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, duk maza ne taurarinsu. A Shaihu Umar mun ga tashin yaro tun yana jariri har ya zama shaihun malami. A Jiki Magayi kuwa, na John Tafida da East, akwai budurwa Zainabu, amma a tsakanin Abubakar da Malam Shaihu ta ke kamar dukiyar da a ke gardama a kanta. Abin da ya sami zuciyar Abubakar bayan an raba su shi ne labarin. Nata ba a tsaya a kansa ba.

Sai dai fa in mun sauka daga littafi muka koma bakin tsofaffi, za mu tarar da yarinya mai gano asiri tana nan tun tuni. A tatsuniyar Daskin-da-riɗi an ɓoye sunan saurayi, aka ce duk budurwar da ta faɗi sunansa ita za ta aure shi. 'Yammata suka wuce wata tsohuwa a rafi, suka ƙi cuɗa mata baya. Wadda aka raina a cikinsu ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa ta gaya mata sunan. A nan asiri yana hannun babba, hanyar samunsa ladabi ce, ladansa kuwa miji ne. Mai karatu ya riƙe abu ukun nan, gama da su za mu auna Abu.

Littafin da mai shi

Hajiya Balaraba Bakanuwa ce, ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammed. Ta sha faɗi da bakinta cewa an cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure da mutumin da ya girme ta nesa, auren kuma bai daɗe ba. Daga baya ta koma karatu ta hanyar makarantar manya. Littafinta na fari, Budurwar Zuciya, ya fito cikin 1987. Wani kuma, Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya juya shi zuwa Turanci, aka buga a ƙasar Indiya cikin 2012. Tana daga cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama ta Kano. Mun kawo wannan ne domin a san cewa mai ɗaki ce ke faɗin inda ya ke yoyo, ba don mu mai da littafin tarihin rayuwarta ba. Abu halitta ce ta alƙalami, da ma'aunin adabi za a auna ta.

Ga labarin a taƙaice. Abu 'yar ƙauye ce, shekarunta 13, mai son karatu ƙwarai. Malaminsu na allo ya nuna wa ubanta, Malam Garba, cewa ta yi girman da bai kamata a bar ta tana fita makaranta ba. Uban ya cire ta, da nufin ya aurar da ita ga ɗan'uwanta Ahmadu, wanda aka daɗe da yi musu alkawari. Ahmadu kuwa ya tafi birni karatu, idonsa ya buɗe, ya ce shi ba ya auren jahila. Kunya da fushi suka kama uban, ya ba da ita ga Sarkin Noma, mutum mai shekara 52, mai mata uku. Abu ta ƙi shi a fili, ba ta ɓoye ba. Aka ɗaura auren duk da haka, ya kuma same ta da ƙarfi da wulaƙanci. Daga ƙarshe ta gudu Kano, wurin wata uwa tata daga cikin dangi, Hajiya Kumatu. A can ta koma karatu, ta yi ta hawa har ta zama ma'aikaciyar jiyya.

A lura, Abu gajarcewar Zainabu ce, kamar yadda wani Abun ya ke gajarcewar Abubakar, karin sauti ne kaɗai ya raba su. Ke nan bayan fiye da shekara 50 Zainabun Jiki Magayi ta komo cikin adabinmu, da irin ƙaddararta ta fari, ga saurayi ga mai hali. Bambancin shi ne, wannan karo ita a ke bi, ita mu ke ji.

Asirin “an”

Wanda ya karanta taƙaitawar nan zai ce, ina asiri a nan? Ai kome a fili aka yi shi, da goro da maroƙa da 'yan ɗaurin aure. Haka ne. Amma a saurari yadda mu kan ba da irin wannan labari a zaure ko a tsakar gida. Mu kan ce: an cire ta daga makaranta, an ba da ita, an sa rana, an ɗaura, an kai ta. Jimla biyar ke nan, aiki biyar, babu mai aiki ko ɗaya. Wannan ɗan lamiri, a da an da aka da za a, masana nahawu su kan ce da shi lamirin da ba ya fayyace mai aiki. Yana da amfani babba wajen ladabi, gama da shi ɗa ya kan gai da ubansa ya ce an tashi lafiya, da shi mace ta kan kauce wa ambaton sunan miji ko ɗan fari. Amma mayafin da ke rufe mutunci shi ne kuma ke rufe ɓarna. In aka ce an yi mata aure, sai abin ya zama kamar ruwan sama, ya sauko ne kurum, babu wanda za a tambaya.

Aikin da littafin nan ya yi shi ne ya yaye mayafin. Ya ɗauki kowane “an” ya sa masa suna da fuska da dalili. Wa ya fara? Malamin allo, da shawara guda. Wa ya zartar? Uba, don gudun abin da mutane za su ce. Wa ya buɗe ƙofa? Ahmadu, da girman kan ɗan boko. Wa ya shiga? Sarkin Noma, da son zuciya da ƙarfin dukiya. Wannan shi ne ainihin aikin mai bin sawu, ya ɗauki abin da kowa ya ce tsautsayi ne, ya nuna hannuwan da suka yi shi ɗaya bayan ɗaya. A labarun Turawa laifin sananne ne, mai laifin a ke nema. A nan kowa ya san masu yi, abin da ya ɓuya shi ne cewa laifi ne. Kuma babu ɗaya daga cikin mutum huɗun nan da zai yarda shi ya yi, domin kowanne ƙulli guda ya ƙulla, ya bar wa na gaba saura.

Sa'an nan a dubi aikatau ɗin da ke cikin sunan littafin. Mu nan Sakkwato amre mu ke cewa, kuma tamu ce tsohuwar siga, wadda ta koma aure a Hausar Gabas bisa ƙa'idar sauyin sauti da Bajamushen nan Klingenheben ya bayyana. Bisa tsarin ajin aikatau da Parsons ya shimfiɗa cikin 1960, auri tana aji na biyu, mai bukatar karɓau: ya auri Abu, ya aure ta. Akwai aurar da, a aji na biyar, inda wani ke fid da ita daga hannunsa zuwa na wani. Akwai kuma auru, a aji na bakwai, inda abin ya tabbata a kanta. Nahawun Hausa bai hana mace zama aikau ba, gama mu kan ce ta auri wane, ko ta yi aure. Amma sunan littafin bai tambayi wanda Abu za ta aura ba. Ya sa ta a gurbin karɓau, a ƙarshen jimla, ba ma da sunanta ba, sai da laƙabin da aka jefe ta da shi. Tafiyar labarin duka, in an duba, ita ce tasowar Abu daga ƙarshen jimla zuwa farkonta: an cire ta, an ba da ita, an kai ta, sa'an nan ta ƙi, ta gudu, ta koya, ta zama. Wannan shi ne girman da mu ke nufi.

Wace ce jahila?

Kalmar jahila aro ce daga Larabci, amma a bakin Ahmadu ta sami wata ma'ana sabuwa, watau wadda ba ta yi nisa a boko ba. Abu kuwa ta yi allo, ta kuma taɓa boko har aka cire ta. Ba ta ƙi karatu ba, hana ta aka yi. Ga abin takaici: da sunan ilmin addini aka fid da ita daga makaranta, da sunan ilmin zamani kuma aka ƙi ta. Masu ilmi biyu suka haɗu suka yi jahila guda, kowannensu yana ganin ya fita haƙƙin ilminsa. Wannan ba labarin Abu kaɗai ba ne. Sa'ad da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a Nijeriya cikin 1976, 'yammata da yawa a Arewa sun shiga aji, amma da yawansu ba su kai ƙarshe ba, 'yan'uwansu maza suka wuce suka bar su. Tazarar nan da ta shiga tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa ita ce tsakanin Ahmadu da Abu.

Masana Larabci sun nuna cewa a tsohon harshe jahilci bai tsaya ga rashin sani ba. Yana nufin zafin kai da rashin mallakar zuciya, kishiyarsa kuwa ita ce haƙuri da sanyin hali irin na dattijo. In muka auna mutanen littafin da wannan tsohon mudu, sai tambayar ta juye. Wa ya yanke hukunci cikin fushi? Uba. Wa ya mai da aure ramuwar gayya a kan yarinya? Sarkin Noma. Wa ya karya alkawarin zumunci don alfahari? Ahmadu. Wanda ya kai ƙarshen kashi na fari na littafin ba ya bukatar a gaya masa inda jahilcin ya ke.

Mu mutanen Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan gardama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman da su ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Da wani malami, Mustafa Goni, ya soki zuwan mata wurin wa'azin Shehu, Malam Abdullahi ne ya ba shi amsa, ya kuma ajiye labarin cikin Tazyinul Waraƙati. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajoji suna kawo mata da 'yammata daga ƙauyuka su ɗauki karatu, su koma su karantar. Saboda haka wanda ya ce Balaraba ta ɗauko ra'ayinta daga Turai bai duba bayan gidansa ba. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma ba su ba shi don ya huce fushi ko ya cuce ta ba. Littafin bai yi jayayya da addini ba. Da mutanen da suka fake da shi ya ke yi.

Matakan girman Abu

Hausa tana da hanya uku ta faɗin girman yarinya. A kan ce ta girma, wannan na jiki ne. A kan ce ta isa aure, wannan hukuncin mutane ne a kanta. A kan kuma ce ta yi hankali, ko ta mallaki hankalin kanta, wannan kaɗai ne nata. Masifar Abu ta faru ne daga gwama na fari da na biyu ba tare da an jira na uku ba. Littafin kuwa labarin na ukun ne, ya kuma zo da shi hawa-hawa.

Hawa na fari shi ne ƙi. Abu ta nuna wa Sarkin Noma ƙiyayya ƙiri-ƙiri. Wannan ƙi na ƙuruciya ne, bakinsa ya fi dabararsa, har ma ya ƙara hura wutar mutumin. Amma yana da muhimmanci ta fuska guda. A al'ada da fiƙihu shirun budurwa a kan ɗauke shi yarda ne, domin ana zaton kunya ce ta hana ta magana. Da Abu ta yi shiru, da “an” ya sami mafaka, a ce ai ta yarda. Da ta buɗe baki, ta toshe wannan hanya. Duk abin da aka yi bayan haka, an yi shi ne da sani.

Hawa na biyu shi ne gudu. Yaji sananne ne a ƙasar Hausa, amma mai yaji gidan iyaye ta kan tafi, a zo biko, a ba ta haƙuri, a mai da ita. Abu ta gane cewa gidan da za ta kai ƙara shi ne ya yanke hukuncin, don haka ta wuce shi. Wannan ganewa ita ce tono asirinta na fari, kuma mai ɗaci ce, gama ta nuna mata cewa masu sonta suna cikin masu cutarta. Yarinyar da ta san haka ta bar ƙuruciya, ko shekarunta nawa.

Hawa na uku shi ne koyo, kuma shi ne mafi tsawo. A nan Hajiya Kumatu ta tsaya a gurbin tsohuwar rafi ta Daskin-da-riɗi, ko kuwa mu ce a gurbin jaji. Amma abin da ta ba Abu ba sunan saurayi ba ne, ɗaki ne da lokaci da hanyar makaranta. A nan kuma haƙuri ya sāke ma'ana. Kirk-Greene, cikin laccarsa a kan Mutumin Kirki wadda aka buga cikin 1974, ya lissafa haƙuri da kunya da hankali da ladabi cikin halayen da Bahaushe ke yabo. To, haƙurin da aka nema daga Abu a ƙauye shi ne ta zauna a danne ta. Wanda ta yi a birni shi ne na mai dafa dutse, ta zauna aji bayan tsararrakinta sun wuce, ta jure shekaru. Ba ta zub da halayen kirki ba. Ta karɓe su daga hannun masu umurtarta da su, ta yi aiki da su don kanta. Ba kuma a banza ta zama mai jiyya ba: wadda aka yi wa rauni a jiki ita ce ta koma mai ɗaure raunin waɗansu.

Inda littafin ya gaza

Kome kyaun ɗaki ba ya rasa inda ya tsage. Aibi na fari shi ne yadda aka zana Sarkin Noma. An tara masa tsufa da muni da mugunta gaba ɗaya, har mai karatu ya ƙi shi tun kafin ya yi kome. Wannan ya sauƙaƙa hukunci fiye da kima. Da a ce saurayi ne kyakkyawa mai fara'a, shin cire Abu daga makaranta da ɗaura mata aure ba da sonta ba zai zama daidai? Littafin ya so mu ce a'a, amma munin mutumin ya ba mai son kaucewa hanyar cewa zaɓen mijin ne kaɗai aka ɓata. Malam Garba ya fi shi amfani ga nazari, domin shi ba mugu ba ne, mai tsoron bakin mutane ne, irinsa kuwa sun fi yawa.

Na biyu ya fi nauyi. Sunan littafin ya ɗora darajar ilmi bisa ma'aunin aure, kamar dai amfanin karatun mace shi ne ta auru. Labarin ya amsa zagin Ahmadu ta hanyar fid da Abu daga sahun waɗanda a ke zagi. To, sauran fa? Yarinyar da ba ta da Hajiya Kumatu a birni, ba ta da kuɗin mota, ba ta da kaifin ƙwaƙwalwar Abu, ita zagin ya tabbata a kanta ke nan? Mutuncin mace bai kamata ya jira takardar shaida ba. A nan inuwar Daskin-da-riɗi ba ta gama barin littafin ba.

Na uku kuwa na zubi ne. Wahalar Abu an ba da ita daki-daki, har mai karatu ya ji ta a jikinsa, amma girman da ke faruwa cikin zuci ya fi wuyar nunawa, sau da yawa sai mu gan shi ta wurin abin da ta samu. Ga mai son gwadawa, akwai Li a cikin The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, wadda ita ma muka fara gani tana da shekara 13. Akwai kuma Fa'iza a cikin Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, na 2015, wadda asirinta ke binne cikin ranta, watau abin da ta gani ranar da aka kashe nata a rikicin Jos. Waɗannan biyu sun fi shiga zuci. Amma da Turanci aka rubuta su, yarinyar da aka cire daga aji kuwa ba za ta karanta su ba. Balaraba ta rubuta da harshen da Abu za ta iya karantawa.

Kammalawa

Daga nan Sakkwato ne aka yi wa irin littattafan nan suka mafi tsanani. Ibrahim Malumfashi, sa'ad da ya ke koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano cikin 1994, ya gwada su da na kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da waɗansu suka tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu. Sukan yana da tushe, gama da yawa an buga su ba gyara, ba kula da ƙa'idar rubutu. Amma kuɗin goro ba ya raba tsaki da tsakuwa. Cikin 2007 har ƙone irinsu aka yi a Kano, bayan an karɓe su daga hannun 'yammata 'yan makaranta. Wanda ya ƙwace littafi daga hannun yarinya ba tare da ya duba abin da ke ciki ba, ya maimaita abin da aka yi wa Abu. Aikinmu mu malamai shi ne mu zauna da ɗalibai mu tankaɗe, mu ware gari daga dusa, wannan littafi kuwa yana cikin garin.

Ga marubuta masu tasowa kuma akwai gona da ba a nome ba. Mun ce mai bin sawu yana bukatar ƙafa da baki. To, akwai yarinya guda a garuruwanmu da ke da su duka biyu, ita ce mai talla. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano cikin shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle su ke dogara ga yara wajen ciniki da aike da jin labarin gari. Mai talla tana shiga gidan da namiji ba ya shiga, tana jin abin da ba a zaci tana ji ba, ba kuwa mai lura da ita. Yarinya irin wannan, tana ratsa Ƙofar Rini da Kanwuri da bakin Hubbare da farantinta a ka, ta ishi marubuci tauraruwa, muddin dai zai bar abin da ta gano ya sāke ta, kada ta daskare kamar Nancy.

Hajiya Balaraba ta share hanya. Ta koya wa yarinya tambaya guda wadda in ta iya ta ba a sāke rufe ta da zance: in an ce mata an yanke, ta ce wa ya yanke? Allah ya ba mu ikon amsa wa 'ya'yanmu wannan tambaya da gaskiya, ya sa ilminmu ya zama mai amfani gare mu da su baki ɗaya, amin.